Wa Zai Shata wa Kumbo Iyaka?

Ya ku ƙannena masu tasowa, akwai wata magana da ke yawo a tsakaninku, musamman waɗanda Allah ya sa wa sha'awar kwamfuta, wadda ya kamata a tattauna ta a natse kafin ta yi wa wasu illa. Ana cewa tunda na'ura ta fara rubuta manhaja da kanta, tana tsara wa kanta aiki, har ana hangen ranar da za ta riƙa gyara kanta ba da sa hannun kowa ba, to ɓata lokaci ne yaro ya duƙufa shekara da shekaru yana fama da lissafi da kimiyya da ƙa'idojin rubuta manhaja. Ni ban yarda ba, kuma ba don na raina abin da na'ura ke iya yi ba ne. Hujjata za ta fito daga fagen da ya daɗe da miƙa wa na'ura ragama, wato binciken sararin samaniya. Tarihin wannan fage ya nuna cewa duk lokacin da aka ƙara wa na'ura ikon yanke hukunci, sai a ƙara buƙatar mutumin da ya san yadda ake shata mata iyaka, ya jarraba ta, ya kuma gane inda lissafinta ya karkace.

Nisa ne ya tilasta aka ba ta ragamar tun farko. Saƙon rediyo yana tafiya da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma duk da haka yakan ɗauki daga minti 3 zuwa minti 22 kafin ya isa duniyar Mars, gwargwadon inda mu da ita muke a kan hanyar kewaya rana. Ranar da motar bincike Curiosity ta sauka a can, a watan Agustan 2012, saƙo yana ɗaukar kusan minti 14, alhali saukar gaba ɗaya, daga shiga iskar Mars zuwa taɓa ƙasa, minti 7 ce. Ke nan lokacin da injiniyoyin hukumar NASA suka ji cewa ta fara gangarowa, tuni mai faruwa ta faru: ko dai tana tsaye a kan tayoyinta, ko ta tarwatse. Buɗe laima, jefar da garkuwar zafi, kunna rokoki, sauke motar da igiyoyi, duk kwamfutar ciki ce ta yi su. Haka a watan Satumban 2022, kumbon DART ya tuƙa kansa a awanni huɗun ƙarshe har ya daki wani curin dutse da ke yawo a sararin samaniya, mai faɗin kusan mita 160 kacal, yana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun san irin wannan hali. Mai dukiya yana Kano, ayari ya yi nisan watanni, in kogi ya cika ko 'yan fashi sun tare hanya madugu ba zai aiko gida neman izini ba. Shi ya sa ba kowa ake ba jagorancin ayari ba, sai wanda aka daɗe ana gwadawa a ƙananan tafiye-tafiye.

A watan Mayun 1999 aka yi wani gwaji da har yau ake kafa hujja da shi. Kumbon Deep Space 1, wanda aka harba a watan Oktoban 1998, yana ɗauke da wata manhaja mai suna Remote Agent. Al'adar da aka saba ita ce a rubuta wa kumbo jerin umarni ɗaya bayan ɗaya: ƙarfe kaza ka juya, ƙarfe kaza ka kunna kyamara, ƙarfe kaza ka kashe inji. Ita wannan sai aka faɗa mata abin da ake so kawai, aka bar mata sauran. Ita ta tsara jerin umarnin, ita ta aiwatar, tana kuma sa ido kan lafiyar kayan kumbon. Injiniyoyi suka ɗana mata tarko da gangan. Suka sa ta ga kamar wata na'urar awo tana ba da bayanin ƙarya, ta gane, ta yi watsi da ita. Suka sa kamar wani ƙaramin bututun juya kumbo ya maƙale, ta koma wata hanyar da ba ta buƙatarsa. Sai dai ana tsakiyar gwajin wani abu ya faru wanda ba ya cikin shiri: lokacin kashe injin ya yi, amma bai mutu ba. Wani sashe na manhajar ya tsaya cik yana jiran saƙon da ya riga ya wuce shi, saboda ɗan saɓanin lokaci da bai taɓa bayyana ba a duk gwaje-gwajen da aka yi a ƙasa. Manhajar da ta iya gano ciwon kayan kumbo ta kasa gano nata. Mutane ne, daga nisan miliyoyin kilomita, suka bi diddigin abin da ke ƙwaƙwalwarta har suka gano inda ta sarƙe, sannan suka tsara gwaji na biyu da ya kammala sauran aikin. An ba ta lambar yabon manhaja ta NASA a wannan shekara, kuma ta cancanta, amma ba don waɗannan mutane ba da labarin ya sha bamban.

Ku riƙe wannan ƙa'ida ta zargin na'urar awo, ku ga yadda take zama ceto yau ta zama halaka gobe. Ranar 19 ga Oktoba, 2016, kumbon Schiaparelli na hukumar sararin samaniya ta Turai yana sauka a Mars. Jim kaɗan bayan laima ta buɗe, kumbon ya wujijjiga fiye da abin da na'urar auna juyawa ke iya aunawa. Kwamfuta ta karɓi gurɓataccen bayanin, ta yi lissafi, ta samu wai kumbon yana ƙarƙashin ƙasa. Ba ta tsaya ta ce wannan ba mai yiwuwa ba ne, domin ba wanda ya koya mata haka. Ta saki laima, ta kunna rokoki na kusan daƙiƙa 3, ta kashe, alhali saura kilomita 3.7 a kai ƙasa. A watan Afrilun 2023 kuma, kumbon Hakuto-R na wani kamfanin Japan yana gangarowa doron wata, ya ratsa ta kan bakin wani ƙaton rami mai gangare na kusan kilomita 3. Na'urar auna tsayi ta faɗi gaskiya, cewa ƙasa ta yi nisa kwatsam. Manhaja ta ga adadin ya yi tsalle fiye da tsammaninta, ta yanke cewa na'urar ta lalace, ta daina sauraronta. Ta ci gaba da nata ƙiyasi har ta ɗauka ta iso, alhali tana sama da kusan kilomita 5, tana saukowa a hankali tana jiran taɓa ƙasa har mai ya ƙare, kumbon ya faɗo. Bincike ya nuna an sauya wurin sauka bayan an kammala tsarin, kuma gwaje-gwajen kwamfuta ba su kwaikwayi yanayin sabuwar hanyar yadda ya kamata ba. Ɗaya ta gaskata ƙarya, ɗaya ta ƙaryata gaskiya, kuma kowacce ta bi abin da aka rubuta mata sau da ƙafa. Giɓin yana wajen tambayar da ya kamata wani ɗan'adam ya yi tun ana ƙasa, bai yi ba.

Na san abin da wani mai kaifin basira a cikinku zai ce: na tsinto faɗuwa na bar nasara, alhali nasarorin sun fi yawa. Gaskiya ne, kuma ba zan rage musu komai ba. Motar Perseverance, da ta sauka a kwarin Jezero ranar 18 ga Fabrairu, 2021, tana rataye a laima take ɗaukar hotunan ƙasa, tana gwada su da taswirar da ke ƙwaƙwalwarta, ta zaɓi wurin da babu haɗari. Tun 2016 Curiosity ke amfani da manhajar AEGIS: in ta gama tafiyar rana, kafin mutane su ga inda ta tsaya, sai ta dubi duwatsun da ke kewaye, ta zaɓi wanda za ta harba wa hasken leza don sanin sinadaransa. Rahoton da aka fitar a 2017 ya nuna tana dacewa da irin dutsen da masana ke so fiye da kashi 93 cikin ɗari, alhali harbin makanta kusan kashi 24 yake bayarwa. Amma ku dubi yadda aka kai ga wannan amana. An fara gwada AEGIS a kan tsohuwar mota Opportunity a 2010, inda aikinta ɗaukar hoto ne kawai, in ta yi kuskure ba a yi asarar komai ba. Shekara 6 bayan haka aka ba ta leza. Ko a lokacin, masana ne ke rubuta mata siffar dutsen da suke nema, girmansa da haskensa, akwai kuma dokar da ba ta da ikon ƙetarewa: ba za a juya madubin na'urar ya kalli rana ba. Sannu a hankali aka faɗaɗa mata fili, kuma kowane taƙi na filin akwai wanda ya auna shi.

Ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, wanda Perseverance ta tafi da shi Mars, ya ƙara fito da wannan. Nauyinsa kilo 1.8, ƙwaƙwalwarsa irin ta wayar hannu ce, an yarda a yi kasada da shi ne domin gwaji ne, ba a ɗora babban aikin a kansa ba. An shirya masa tashi 5, ya yi 72. A tashi na 6, a watan Mayun 2021, hoto ɗaya tak ya ɓace daga jerin hotunan da yake gane hanya da su, sauran suka zo da lokacin da ba nasu ba, jirgin ya kama tangaɗi yana gyara kuskuren da babu shi. Abin da ya cece shi, waɗanda suka ƙera shi sun bar masa sararin jure kuskure, sun kuma tsara cewa dab da taɓa ƙasa ya daina dogara da kyamara. Ya sauka lafiya, kusan mita 5 daga inda aka nufa. A watan Janairun 2024 kuwa ya bi ta kan rairayi sumul, babu dutse babu tsagi da kyamara za ta kama, ya kasa auna gudunsa daidai, ya sauka da ƙarfi, fukafukansa suka karye.

Yanzu mu zo kan batun da ya fi ɗaukar hankalinku, manhajar da ke rubuta kanta. Abin ba almara ba ne. A watan Maris na 2006 NASA ta harba ƙananan taurarin ɗan'adam guda uku na shirin ST5, ɗauke da eriyar da kwamfuta ta ƙirƙiro. An sa ta ta samar da siffofi barkatai, ta gwada kowacce a lissafi, ta ajiye waɗanda suka fi, ta ɗan sassauya su, ta sake gwadawa, haka dai har ta fito da wata lanƙwasasshiyar waya mai siffar da injiniya ba zai taɓa zanawa ba, ga ta kuma tana aiki. To amma a ina aka yi wannan? A ƙasa. Wa ya rubuta ma'aunin da kwamfuta ke bambance mai kyau da marar kyau da shi? Mutane. Su kuma suka ƙera eriyar, suka auna ta a ɗakin gwaji kafin a yarda ta tashi. Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake. Kumbo guda ne, an kashe masa shekaru da dukiya mai yawa, in ya lalace babu makanikin da zai je. Manhajar da ke sauya kanta a hanya kuwa, wadda ka gwada jiya ba ita ce ke tuƙi yau ba, shaidar lafiyar da ka ba ta ta tashi aiki. Shi ya sa a 2006 Gerard Holzmann na cibiyar JPL ta NASA ya fitar da ƙa'idoji 10 na rubuta manhajar da rai ko dukiya ke rataye a kanta. Daga ciki akwai cewa duk aikin da za a maimaita dole a san iyakar maimaicinsa tun farko, kuma kada wani sashe ya wuce abin da zai shiga shafin takarda guda, kusan layi 60. Manufar ita ce a rubuta abin da ido zai iya bi, hankali ya iya tabbatarwa. Na'urar da ke zubo layi dubu cikin ƙiftawar ido ba ta rage wannan buƙata ba, ta ma ninka ta, domin abin dubawa ya ƙaru, masu iya dubawar ba su ƙaru ba.

In kuna son ganin yadda gyaran manhaja na gaske yake a sararin samaniya, ku dubi Voyager 1. An harba shi a watan Satumban 1977. A watan Nuwamban 2023, yana nisan fiye da kilomita biliyan 24, sai ya fara aiko da saƙon da ba shi da ma'ana. Kowace tambaya sai ta yi awa 22 da rabi a hanya, amsa ma haka, wato kusan kwana biyu kafin ka san ko ka dace. Injiniyoyi suka koma tsofaffin takardun da aka rubuta tun kafin a haifi wasunsu, suka yi watanni suna lalube, har suka gano ƙwaya ɗaya ta ma'ajiyar kwamfutar ta mutu, ta tafi da kusan kashi 3 cikin ɗari na ma'ajiyar. Babu wani fili guda da zai ɗauki umarnin da ya ɓata, sai suka yanka shi gunduwa-gunduwa, suka cusa kowane yanki a inda ya samu, suka gyara duk wuraren da ke nuni zuwa gare shi. A watan Afrilun 2024 kumbon ya dawo yana magana. Wannan aiki ya yiwu ne saboda abu biyu: waɗanda suka gina kumbon sun rubuta abin da suka yi da dalilinsa, kuma an samu waɗanda suka iya karantawa har ƙasan tushe.

Wani kuma zai fito ta ɗaya ɓangaren ya ce, in haka ne a hana na'ura taɓa manhajarta kwata-kwata, a huta. Wannan ma bai yi ba, kuma ba na so ku fita daga ruɗin sakaci ku faɗa ruɗin tsoro. Voyager ya iya jiran watanni biyar domin yana tafiya ne a fili inda ba abin da zai ci karo da shi. Akwai wuraren da ba za a samu wannan sarari ba. Ana shirin harba Dragonfly a 2028, jirgi mai farfela takwas, ya isa Titan, ɗaya daga cikin watannin duniyar Saturn, a 2034. Saƙo daga can ya fi awa guda a hanya, dole jirgin ya zaɓi wurin saukarsa da kansa. Duk kumbon da zai sauka a Europa, watan duniyar Jupiter, kwanakinsa ƙidayayyu ne saboda tsananin tururin nukiliyar da ke wurin, ba zai ƙarar da su yana jiran umarni ba. A irin waɗannan wurare, na'urar da ba ta iya sauya shiri in ta gamu da abin da ba a zata ba, asara ce tun daga gida. Don haka ikon zai ƙaru, kuma daidai ne ya ƙaru. Aikin da ke gaba shi ne a raba abin da na'ura za ta iya sauyawa da abin da ba za ta taɓa ba, a gina wani ƙaramin mai gadi, mai sauƙin tabbatarwa, da zai tsaya a kan babbar manhaja mai wayo ya taka mata burki in ta nufi haɗari, a kuma sa ta riƙa ajiye bayanin dalilin kowane hukunci domin a iya bin sawu. Wannan aiki bai kammala ba, kuma na 'yan zamaninku ne.

Saura wanda zai ce ina ruwanmu da Titan alhali ko wutar lantarki ba ta ishe mu ba. Ƙorafin yana da tushe, kuma ban ce kowa ya zama maƙerin kumbo ba. Amma ba baƙi ba ne mu a fagen gaba ɗaya. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, injiniyoyinta kuma suka haɗa NigeriaSat-X a Ingila aka harba a 2011, sannan a 2017 ƙananan taurarin da ɗaliban Gana da na Najeriya suka sa hannu a ƙera su suka shiga falaki. Ban da haka, manhajar F Prime da Ingenuity ya tashi da ita tana nan a buɗe a GitHub, duk mai kwamfuta da intanet zai iya sauke ta ya karanta. Abin da ya fi wannan muhimmanci, dabarun da aka fara gwadawa a kan kumbo su ne ke gangarowa cikin jirage marasa matuƙi da kayan asibiti da manhajojin banki. Al'ummar da ba ta da masu iya bincika irin waɗannan na'urori sai dai ta karɓi duk hukuncin da suka yanke mata ta yi shiru.

Saboda haka ku yi amfani da ƙirƙirarriyar basira, ku sa ta rubuta muku manhaja, babu laifi a ciki, amma kada ku saki layin da ba za ku iya bayyana aikinsa ba. Ku riƙe lissafi da kyau, musamman lissafin yiwuwa da na sauyawar abubuwa a kan lokaci, domin da su na'ura ke auna yadda za ta yarda da abin da ta gani. Ku saba da karanta rahotannin binciken haɗari, yawancinsu suna nan kyauta. Ku fara da na rokar Ariane 5, wadda ta tarwatse ranar 4 ga Yuni, 1996, cikin kusan daƙiƙa 40 da tashi. Wani adadi ne ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa, a cikin manhajar da aka gado daga Ariane 4 ba tare da an gwada ta da yanayin tafiyar sabuwar rokar ba, kwamfutar ko-ta-kwana kuma ta faɗi a wuri guda domin manhaja iri ɗaya ke cikinta. Rahoton gajere ne, ɗalibin sakandare mai himma zai fahimci mafi yawansa. Sannan duk abin da kuka gina, komai ƙanƙantarsa, ku zama ku ne farkon masu neman karya shi. In yana lissafa tsayi, ku ba shi adadin da ke ƙasa da sifili ku ga me zai yi. In yana karɓar bayani daga na'urar awo, ku cire wayar ana cikin aiki, ku kuma ba shi bayanin gaskiya mai kama da ƙarya. Abin da kuka gani ku rubuta shi a takarda, da kwanan wata da dalilin gyaran da kuka yi, yadda wanda bai taɓa ganinku ba zai iya ɗauka ya ci gaba daga inda kuka tsaya.